Ranar da Kasuwar Gure ta Hau Tudu

Cikin duk shekarun da na yi ina riƙe da ƙwaryar awo a kasuwar Gure, akwai rana guda da har yau ba ta fita raina ba, ita ce ranar da kasuwa ta kwashi ƙafafunta ta hau tudu, ta bar mu ni da Sarkin Kasuwa muna kallon juna. Ku da kuka shigo awo a bayan nan kun sha jin ana ambatonta ana dariya, kowa da yadda yake ba da labarin. Har na ji wata tana rantsuwa wai aljannu ne suka kwashe kasuwar. Babu aljani ko ɗaya a ciki. Ni ce, da wani makaɗi mai taurin kai, da rumbun gidana. Ku matso ku ji daga bakin mai ita.

Abin ya faru da sanyi ne, 'yan shekaru bayan cutar nan da ta share shanu, damina ɗaya bayan labarin faɗuwar Kukawa ya iso mu. Nasara bai zo ba tukuna, babu kumandan, babu kamiyo, wato babbar motar kaya, kaya duk a bayan raƙumi da jaki yake tafiya. Lokacin ban daɗe da zama korama ba. Ga wanda bai san aikin ba, korama ita ce shugabar mata masu awon hatsi. Manomi ba ya zama ya auna geronsa da kansa. Kawowa yake yi ya sauke a gaban ma'auniya, ita ta yi ciniki, ta auna da mudu, wanda ku yanzu kuke ce wa tiya, sannan ta ɗebi la'adarta a ƙaramar ƙwarya. Korama ke raba wa kowace wurin shimfiɗa, ita ke duba mudun kowa kada a tauye, ita kuma ke amsa kira in Sarkin Kasuwa ya ce a zo. Alamar aikinta wata babbar ƙwarya ce mai zane da ake miƙa mata ranar naɗi. Sama da ni akwai Sarkin Kasuwa, sama da shi akwai fada. Ƙasa da ni kuwa mata ne, yawancinsu mazansu sun rasu ko sun tsufa, abin da ya shiga ƙaramar ƙwaryar nan shi ne tuwon gidansu.

Akwai wata al'ada da muka tarar. Kowane jajibirin kasuwa, da la'asar, makaɗa suna fitowa filin da ke tsakanin rumfunanmu da na mahauta, su buga ganga da kalangu har rana ta faɗi. Washegari kuma su wuni suna yi. Ladansu ba daga fada yake fitowa ba. Kowace ma'auniya tana cika tafin hannu biyu da gero ta zuba a jakarsu, mahauci ya yanka musu tsoka, mai kanwa ya ba da gutsure, haka har ƙarshen layi. Wannan shi muke kira rabon makaɗa. Ba wanda ya taɓa tambayar dalilinsa, yadda muka ga iyayenmu suna yi haka muke yi.

Shugabansu shi ne Sarkin Kiɗa Abari. Unguwarmu ɗaya da shi, tare muka yi wasan ƙasa. Gajere ne, ga ƙaton kai, ga baki kamar barkono. Ban taɓa wucewa ta gabansa bai sa kalangu ya zage ni ba, ni ma ban taɓa barinsa ya ci bulus ba.

Sarkin Kasuwar lokacin sunansa Bukar. Kada ku ɗauka mugu ne, a'a. Mutum ne mai tsoron Allah, sai dai akwai tsumulmula, in ya ga ƙwayar gero a ƙasa sai ya duƙa ya tsince ta. A shekarar nan tsoron yaƙi ya cika ƙasa, kowa kunnensa yana gabas, fada kuma ta ce a cika rumbunanta ko da za a rufe gari. Bukar ya duba hagu ya duba dama yana neman inda zai tatso, sai idonsa ya faɗa kan jakar makaɗa. Ya tara mu shugabannin sana'a a rumfarsa, ni da Sarkin Fawa da na maƙera da na dukawa da sauransu.

"Daga yau rabon makaɗa ya koma rumbun fada," in ji shi. "Ana maganar yaƙi, ba za mu ciyar da masu cin zaune ba. Manomi ya noma, ma'auniya ta auna, mahauci ya yanka. Shi makaɗi me ya ƙara wa kasuwa?"

Abari yana zaune a wurin. Na jira in ji barkonon nan ya tashi, amma ina! Ya miƙe, ya saƙala kalangunsa, ya fita. Kafin kasuwa ta zagayo mutanensa sun watse, wannan ya tafi kiwon wani, wancan ya bi masu haƙar kanwa. Jajibiri ya zo, filin nan ya yi tsit, sai kukan angulu a bayan mahauta.

A shekarar nan Allah ya ba da damina, gero ya yi kyau ƙwarai, manoma suka yi ta jibge mana shi. Sai dai masu saye ne babu. Masu shanun da suka saba ɗaukar hatsinmu cuta ta bar su da sanda kawai. Waɗanda suka rage da ƙarfin saye su ne masu raƙuma, Tubawa da Buzaye, da ke gangarowa daga arewa da sanyi ɗauke da dabino da gishiri, su koma da geron shekara. A kansu duk kasuwa ta ɗora idonta.

Ayarin farko muka hango shi a kan tudun arewa. Ya tsaya jim, sannan ya karkata yamma ya wuce. Muka ce ƙila sauri suke yi. Na biyu ma haka ya yi mana. Cikin gari kuma abin yana ta lalacewa ta inda ba mu zata ba. 'Yan matan ƙauye da ke kawo fura da nono su tsaya gaɗa sun daina zuwa, tunda ba gaɗar. Da suka daina, samarin da ke zuwa saboda su suka daina. Da samari suka daina, baduku ya zauna da takalmansa, mai hula ya zauna da hulunansa, masu kitso suna ta hamma a gindin bishiya. Manoma suka fara ce mini za su kwashe geronsu su kai wata kasuwa. Cikin matana wasu sun soma ɗaure kaya, suna maganar bin dangi zuwa Kelle ko ma Damagaram kafin rani ya yi tsanani. Duk wadda ta zo yi mini sallama sai in ce ta ƙara haƙuri, alhali ni ma ban san abin da nake jira ba.

Wadda ta buɗe mini ido wata makiyayiya ce, Ya Kaltuma, da ke kawo man awaki kasuwa. Rugarsu tana kusa da rijiyoyin da ayari ke shan ruwa, kuma bakinta yana juya Barbarci da Hausa da ɗan Tubanci. Ta sauke ƙwaryarta a gabana ta dube ni.

"Korama, wai wa ya mutu muku ne?"

"Ba wanda ya mutu, Ya Kaltuma. Me kika gani?"

"To me ya sa kuka yi shiru? Masu raƙuma suna ta tambayata a rijiya, ko cutar agana ce ta shiga Gure, ko sarki ya faɗi, ko mayaƙa ne suka kwana ciki."

Nan ta yi mini bayanin abin da ni, da na girma a kasuwar nan, ban taɓa ji ba. Madugu ba ya shiga gari kai tsaye. Ran jajibiri yana tura mutum ɗaya a kan raƙumi ya hau tudu ya saurara. In ya jiyo ganga, gari lafiya yake, gobe kasuwa za ta ci. In ya ji shiru, to ko makoki ko annoba ko baƙin da ba a gayyata ba. A shekara irin wannan babu madugun da zai kai raƙumansa garin da ya yi shiru, kuma ba za su aiko a tambaya ba, don mai tambayar sai ya shiga.

"Ba ki gaya musu lafiya muke ba?" na ce.

"Na gaya musu har na gaji. Sun ce ai ni ba cikin garin nake kwana ba." Ta ƙara da cewa saura babban ayari guda, na Madugu Barkai, yana tafe a hankali saboda yawan raƙumansa. In ya wuce, sai kuma baɗi.

Da farko na ce ai mu ma muna da hannu. Jajibirin da ya biyo na tara matana muka kifa ƙore a kan ruwa muka yi ta duka. Mun yi zufa, mun yi waƙa har muryoyi suka dishe. Na tura wata ta tsaya bayan gari ta saurara, ta dawo ta ce ita dai jaki ta ji yana kuka. Kiɗan ƙwarya na cikin gida ne, ba ya hawa tudu.

Sai na tafi wurin Bukar, na durƙusa na gaishe shi, na kwashe duk abin da Ya Kaltuma ta faɗa na zuba masa. Ya saurara yana jan tasbaha.

"Zancen bakin rijiya ne, Korama. Tsoron yaƙi ne ya hana su sauka."

"Ranka ya daɗe, tsoron yaƙin ne ya sa suke sauraro. Ka mayar wa makaɗa rabonsu ko na kasuwa biyu ne, mu gani."

"Na riga na faɗa a fada. Ba zan koma in ce maganar da na kai ta tashi saboda mai man awaki ba."

Raina ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci bakina ba ya jiran kaina. Na ce to in haka ne ni zan ciyar da su daga rumbuna, tunda abin da ya hana shi ne ɗiba daga geron kasuwa. Akwai mutane a rumfar, a kan kunnensu na faɗa.

"Rumbunki naki ne," in ji Bukar. "Amma kin tsallake maganata a gaban jama'a. In ayarin nan ya wuce, ki kawo mini ƙwaryar korama da hannunki."

"In ya sauka fa, ranka ya daɗe?"

"In ya sauka, Allah ne ya saukar da shi."

Washegari na hau jaki na nufi wani kwari a hanyar Gamu, inda aka ce mini Abari ya koma wurin surukansa. Kun san irin kwarurukan nan, kana tafe cikin yashi sai kawai ka ga rami ya buɗe, ga dabino da goruba, ga ruwa kusa da hannu. Can na tarar da Sarkin Kiɗan Gure, ya naɗe wando har gwiwa, yana ban ruwan albasa. Dariya ta zo mini, hawaye ma ya zo, ban san wanda zan fara ba.

"Sannu da aiki, Sarkin Albasa."

Bai ɗago ba. "Korama mai tauye mudu. Yunwa ce ta koro ki, ko kin zo satar iri?"

"Albasar da ka shuka wa zai sata? Dube ta, kamar ta yi jinya."

Muka zauna a inuwa na gaya masa komai. Da na zo kan mai sauraro a tudu sai ya yi wani murmushi da ya ba ni haushi.

"Ashe ka sani!" na ce. "Ka sani ka yi shiru ka bar mu muna mutuwa?"

"Ubana ya gaya mini, ubansa ya gaya masa. Wa ya tambaye ni? An tambaya me na ƙara wa kasuwa, ni kuwa na ce bari kasuwa ta ba da amsa da kanta."

Na zage shi son raina, shi ma ya rama, sannan muka shiga maganar aiki. Fatun gangunan sun bushe sun tsage, sai an yanka awaki an sake ɗaure su. Mutanensa sun watse, sai an kirawo su, kuma ba za su bar abin da suka kama ba sai an ba iyalinsu abin da za su ci. Duk na ce na ɗauka. Sai ya kawo ta ƙarshe.

"Ƙafata ba za ta taka filin kasuwa ba sai wanda ya kore ni ya kira ni da bakinsa."

"To a ina za ka buga, a kan kaina?"

"A kan tudun arewa. Yashin can ba na Bukar ba ne. Kuma daga can sai an fi ji."

Na dawo gida na buɗe rumbu. Maigidana, Allah ya ji ƙansa, ya tsaya yana kallo ana fitar da damma. Bai hana ni ba, abin da ya ce kawai, "Hajara, kin san rani dai bai fara ba." Na ce na sani. Aka yanka awakina, aka jeme fatu, makaɗa suka riƙa dawowa ɗaya-ɗaya, kowanne da yunwarsa da ta gidansa. Wata rana na leƙa, sai na hango ƙasan rumbun. Ba zan ɓoye muku ba, tsoro ya kama ni matuƙa. In ayarin nan ya wuce, ba ƙwaryar korama kaɗai za ta tafi ba, gidana ma zai shiga rani hannu wofi, matana kuma kowace ta kama gabanta.

Ran jajibiri da la'asar Abari ya jera mutanensa a kan tudu. Da aka saki gangar farko, ina cikin gida, sai na ji ta a ƙirjina. Yara suka fara gudu, sannan mata, sannan tsofaffin da ke cewa su ba ruwansu da kiɗa. 'Yan mata suka yi da'ira a gindin tudu suka kama gaɗa. Ni kuwa ban kalli rawa ba, arewa nake kallo, har rana ta faɗi ban ga ko inuwar raƙumi ba. Na koma gida ban iya cin tuwo ba.

Da safe na fito da matana muka yi shimfiɗa a wurinmu na kullum, don doka ce mudu ba ya aiki a wajen kasuwa sai da izinin Sarkin Kasuwa. Bukar ma ya zo ya zauna a rumfarsa. Ganga tana ta tashi daga tudu. Sai muka ga abin mamaki: mutanen ƙauye suna tahowa ta kowace hanya, waɗanda muka daɗe ba mu gani ba, amma ba mai shigowa wurinmu. Kowa tudu ya nufa. Masu fura suka ɗauki ƙorensu suka bi. Masu kitso suka bi 'yan mata. Baduku ya dubi Bukar, ya dubi tudu, ya tattara takalmansa ya sulale ta bayan rumfa. Samarin Gamu da na Kelle suka share fili suka fara kokawa. Kafin hantsi ya ɗaga, kasuwar Gure ta koma mu ma'auna, da mahauta biyu da suka rasa yadda za su ɗauki nama, da Sarkin Kasuwa.

Ya Kaltuma ce ta taho da gudu, zanenta a hannu, tana kiran sunana tun daga nesa.

"Korama! Sun sauko! Wallahi sun sauko!"

Na miƙe na sa hannu na kare rana. Ga su nan, raƙumi bayan raƙumi, suna gangarowa daga bayan tudu, layin bai da ƙarshe. Matana suka ɓarke da guɗa. Wata tsohuwa cikinsu ta rungume ni tana kuka, ni ma ban riƙe nawa ba. Amma murnar ba ta gama shiga ba sai muka ga raƙuman suna durƙusawa a can gindin tudu, inda gangar take. Nan suka fara sauke kaya. Ba da jimawa ba wani Batube ya zo a kan raƙumi ya tsaya a kanmu ya ce madugu yana tambaya ina masu gero, a kawo shi kasuwa.

Na juya wurin Bukar na durƙusa yadda aka saba, amma ban sunkuyar da kai ba.

"Ranka ya daɗe, ga gero, ga masu saye can. Ni ba zan auna ko mudu ɗaya a waje ba sai ka ce. Ko ka ba ni izini in kai musu, ko ka je ka kawo su."

Ya gane abin da nake nufi sarai. Cinikin da aka yi a wajen kasuwa babu rabon fada a cikinsa. In babban ayarin shekara ya yi cinikinsa a kan yashi, shi ne zai tsaya gobe a fada ya yi bayani. Ya sa tasbahar a aljihu. Sannan ya miƙe ya gyara rawani.

"Taso ki raka ni, Korama."

Tudun nan ba ya hawuwa da takalmi. Bukar ya cire nasa ya riƙe a hannu, ya tattare babbar riga, yana taku yashi yana mayar da shi baya. Mutane suka dare suka ba mu hanya, duk ido a kansa. Sai da muka huta sau biyu kafin mu kai sama. Abari ya gan mu tun daga ƙasa, amma ya juya mana ƙeya yana ta bugu.

"Abari," in ji Bukar, yana haki.

Ko gezau.

Na matsa kusa da kunnen Bukar na ce, "Kira shi da sarautarsa, ranka ya daɗe."

Bukar ya sake kira. "Sarkin Kiɗa, kasuwa tana kiranka."

Abari ya ɗaga hannu, gangunan suka tsaya cak. Ya juyo a hankali ya nuna taron da ke ƙasa da sandar kiɗansa. "Kasuwa ga ta nan tare da ni, ranka ya daɗe. Wa ke kirana?"

Na ce a raina yau gajeren nan zai ɓata komai. Amma Bukar ya ɗaga murya yadda na ƙasa ma za su ji.

"Ni Bukar, ni ke kiranka. Ka sauko wurinka."

Sai Abari ya duƙa ya gaishe shi kamar yadda ake gai da babba. Da ya ɗago, ya matse kalangu a hammata ya saki taken Sarkin Kasuwa, kiɗan nan da ake yi wa Bukar shi kaɗai in ya shigo fili, wanda tun lokacin kaka bai ji ba. Gangunan suka amsa gaba ɗaya. Na ga dattijon nan ya ɗauke kai yana gyara rawanin da ba abin da ya same shi. Haka muka gangaro, Bukar a gaba da takalmi a hannu, makaɗa a bayansa, 'yan mata da 'yan kokawa, masu kitso da kawunan da ba a gama ba, sannan raƙuman Barkai da aka sake ɗora wa kaya. Ni ina tsakiya ina rangaɗa guɗa, kuma ban ji kunyar kowa ba.

Abin da ya biyo baya hannuwana sun fi bakina saninsa. Mun auna gero har kafaɗuna suka ƙi ɗaguwa. Manoman da suka ce za su kwashe kayansu suka koma gida da gudu suna ƙaro wani. Kuma ba hatsi kaɗai aka saya ba. Mutumin da ya yi watanni cikin yashi, in ya ji kiɗa hannunsa sakewa yake yi. Jakunkunan fata masu ado da dukawa suka gaji da kaɗe wa ƙura duk sun tafi, haka baƙin zanen marina, haka tabarmin kaba da matan Gamu ke saƙawa da launi. Wata mai zanen ƙwarya ta sayar har da wadda take shan ruwa da ita. Ayarin da ya yi niyyar kwana ɗaya ya ƙara kwanaki, don samarinsu sun shiga kokawa an kayar da su, sun rantse sai sun rama. Duk ranar da suka ƙara, mai tuwo ta sayar, mai harawa ya sayar, mai jan ruwa ya samu, mahauta suka yi ta yanka raguna. Labari ya bazu a rijiyoyi, ƙananan ayarori da suka kauce suka riƙa juyowa.

Kafin ya tashi, Madugu Barkai ya zo shimfiɗata, Ya Kaltuma tana yi mana tafinta. Na tambaye shi ko geronmu ne ya fi na wasu. Ya yi dariya.

"Bana gero ko'ina akwai shi. Amma garin da 'yan matansa ke rawa a fili, na san raƙumana za su kwana lafiya."

Da maraicen ranar da suka tafi na bi ta rumfar Bukar na ce, "Ranka ya daɗe, Allah ya saukar da ayari." Ya ce, "Ya saukar, Korama. Da ganga ya saukar da shi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma daga mutum irinsa ya isa. Shi da kansa ya koma fada ya ce a mayar wa makaɗa rabonsu, bai kuwa sha wuya ba, don abin da kasuwa ta kai fada a kwanakin nan ya shafe abin da aka tara daga jakar Abari. Rumbuna kuma ban roƙi kowa ba, matana da dukawa da masu kitso suka yi ta kawowa har sai da na ce ya isa.

Abin da na koya a aikin nan ke nan, ku riƙe shi. Mu masu awo muna ganin kaya ne kasuwa. To kaya yana nan jibge duk makonnin nan, ba wanda ya ci daga gare shi. Mai tara mutane shi ne ke buɗe bakin jaka, ko da shi ba ya noma ko zangarniya ɗaya, kuma mai ganga da mai kitso da mai zane a fata duk a layin nan suke. Na kuma koyi cewa makaɗi yana iya jure yunwa, amma ba ya jure a ce ba shi da amfani, babba kuma yana iya hawa tudu in ba ka tsaya kana yi masa dariya ba.

A ranin nan ba ko ɗaya cikin matana da ta bar Gure. Ke Hadiza da ke ta ƙyalƙyala a can baya, kakarki tana cikin waɗanda suka riga suka ɗaure kaya, uwarki tana goye a bayanta. Ni na taya ta kwance ƙullin da hannuna, a nan inda kike zaune.